Ranar Da Ɗalibata Ta Buɗe Furojet Ɗina

Cikin shekarun da na yi ina riƙe da laburaren makarantarmu a nan Zuru, ranar da na kasa mantawa da ita wata Laraba ce ta watan Oktoba, a mako na huɗu na shirin da muke yi da laburaren kwaleji. Tunda da yawanku sababbi ne, kuma hannunku shirin zai koma idan na ajiye aiki, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi a ɗakin malamai an yi masa ƙari.

Sunana Ishaya. Malamin aikin gona aka ɗauke ni, ba ma'aikacin laburare ba. A makarantu irin tamu ba kasafai ake turo wanda ya karanci aikin laburare ba. Shugaban makaranta ne yake duba cikin malamai, ya ga wanda darussansa ba su da yawa, ya miƙa masa makulli. Haka aka miƙa mini, na koyi aikin a tsaye.

Abin da ya haifar da shirin kuka ne na tsofaffin ɗalibanmu. Suna cin jarrabawa, suna samun gurbi a manyan makarantu, amma su dawo hutu da magana iri ɗaya: ranar da malami ya ce su je su yi bincike su rubuto shafi biyar, ba su san ta inda za su kama ba. Wata ta taɓa gaya mini ta yi zango guda tana wucewa ta ƙofar laburaren makarantarsu ba ta shiga ba, don ta ɗauka sai malami ya ba mutum takardar izini. Shugabanmu na wancan lokaci, Malam Garba, ya rubuta wa kwalejin da ke nan garin takarda yana neman a bar 'yan ajin ƙarshe su riƙa zuwa suna koyon yadda ake amfani da babban laburare. Aka amince, aka haɗa mu da Hajiya Balki, mataimakiyar shugaban laburaren, wadda take kula da sashen masu karatu. Mutuniyar wajen Argungu ce, kuma duk daɗewar da ta yi a Zuru Kabancinta bai gushe ba.

Ita ta tsara sharuɗɗa. Mako shida a zangon farko, kowace Laraba bayan tara. Ɗalibai ashirin a tafiya guda, ba a shiga da jaka, malami ya sa hannu a rajista da shiga da fita, kuma duk ranar da aka yage shafi ko littafi ya ɓata, shirin ya ƙare. A makon farko yara suna koyon katalog, wato jerin da ke nuna duk littafin da laburare yake da shi da lambar da za a same shi a kan kanta. Daga nan su koyi yadda ake matse tambaya mai faɗi ta zama wadda za a iya amsawa, da yadda ake bambanta littafin da masana suka tace da abin da wani ya liƙa a intanet ba suna. Mako na huɗu shi ne muke kira bin sawu, kuma shi na fi so a duk shirin.

Ga yadda ake yin sa. A kwaleji akwai ɗaki guda da ake ajiye furojet, wato binciken da kowane ɗalibi yake rubutawa kafin ya kammala. Kowane yaro zai ɗauki ɗaya, ya nemo jimla guda da marubucin ya ce daga wani littafi ya samo ta. Sai ya juya ƙarshen furojet ɗin inda aka jera manazarta, ya kwafi sunan littafin, ya nemo shi a katalog, ya buɗe shafin da aka ambata, ya gani da idonsa ko maganar tana nan. Akwai fom da zai cike mai gida uku: na samu daidai, na samu amma an sauya ma'ana, ban samu ba. Kafin mu shiga nakan tsayar da su a baranda in ce kada su yarda da magana don kawai an buga ta da injin, ko da wane ne ya rubuta. A ranar ma na faɗa, har na ƙara da cewa ko da ni ne.

A wannan kwalejin na yi difloma, shekara ashirin da 'yan kai kafin lokacin. Na san furojet ɗina yana wani wuri a ginin, amma na ɗauka tsofaffi irin namu an kwashe su zuwa sito. Ashe suna nan a kanta ta ƙasa, wadda sai mutum ya durƙusa yake ganin abin da ke kanta.

Akwai wata ɗaliba a rukunin mai suna Rahila, 'yar wani tsohon soja da ke zaune a unguwar Rikoto. Ba ta cikin masu ɗaga hannu a aji, amma littafinta kullum a cike yake. Tambayar da ta zaɓa tun mako na biyu a kan adana wake ce, saboda a gidansu ƙwari suna cinye musu wake kafin a kai bazara. Ta durƙusa tana bin kanta ta ƙasa, ta zaro wani mai baƙin bango da rubutunsa ya koɗe. Na hango ta daga bakin ƙofa tana nuna wa ƙawarta bangon suna murmushi, suka waiwayo suka dube ni. Na gane nawa ne. Abin da na ji a lokacin ɗan alfahari ne, ba komai ba. Na manta abin da ke ciki.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka karɓi fom. Sha tara suka shigo hannuna. Rahila ta ce ba ta gama ba, na ce ta kawo gobe. A hanyar komawa makaranta ita ce ta ƙarshe a layi.

Washegari Alhamis, lokacin tara, ta same ni a laburaren makaranta. Ta tsaya a gefen tebur, ta ajiye fom ɗin. Ta cike komai: sunan furojet, jimlar da ta zaɓa, sunan littafin, lambarsa a kanta. Gidajen nan uku ne kawai babu alama a ko ɗaya.

Ta ce, “Malam, ina ganin ni ce ban iya dubawa ba.”

Na ce, “Me kika gani?”

“Ka rubuta cewa tokar karan dawa ta fi tokar itace hana ƙwari shiga wake, kuma a tankaɗe ta, a liƙe bakin tukunya da yumɓu. Ka ce tana shafi na tamanin da huɗu na littafin da ka ambata. Na buɗe shafin, maganar shanya masara ce. Na duba na gabansa da na bayansa. Na duba jerin kalmomi na ƙarshen littafin kamar yadda Hajiya ta nuna mana, babu toka a ciki.”

“Wataƙila bugu daban ne. Idan aka sake buga littafi shafuka suna matsawa.”

“Na tambayi Hajiya haka. Ta duba ta ce bugu ɗaya ne da wanda ka rubuta.”

Tana magana abin yana dawo mini. Lokacin da na kai wa malamin da yake duba aikina babi na biyu, ya ja jan biro a gefen wannan sakin layin, ya rubuta kalma uku: wa ya faɗa? Wadda ta faɗa mahaifiyata ce. A ƙauyenmu Kanya na tashi, kuma tun ina ƙarami nake ganin yadda take zuba wake a tukunya da toka. Amma a lokacin ina saurayi mai son a ga ya yi boko, ban ga yadda zan rubuta sunan tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba a jere da sunayen Turawa. Na ari furojet ɗin wani abokina, na ga sunan wani littafi a kan adana amfanin gona a manazartarsa, na kwafe. Lambar shafin kuwa daga kaina na fitar da ita. Littafin ban taɓa riƙe shi ba. Malamin ya ga suna da shekara da shafi, ya sa hannu.

Ban gaya wa Rahila komai daga wannan ba. Na ce, “Bar fom ɗin a nan, zan duba.” Ta ce to, ta fita. Na sa shi a durowa na kulle.

Ina so in faɗa muku abin da na yi niyya ba tare da na gyara shi ba. Ranar Litinin ba ni da darasi sai bayan sha biyu, sai na hau babur na tafi kwaleji. Nufina in roƙi Hajiya Balki a cire furojet ɗin daga kanta a kai sito, da hujjar ya tsufa, in kuma ba Rahila wani ta sake aikin da shi. Na shirya maganar tun daga gida.

Na same ta a ofishinta tana buga hatimi a sababbin littattafai. Muka gaisa, ta nuna mini kujera. Na fara da cewa na lura wasu tsofaffin furojet sun fara lalacewa.

Ta ajiye hatimin ta ce, “Malam Ishaya, na san abin da ya kawo ka. Bari in sauƙaƙa maka. Ba mu cire abu daga kanta sai in ya yage har ba ya ɗinkuwa, ko muna da shi biyu. Ko nan ma sai an cike takarda, kwamiti ya zauna. Naka lafiyarsa lau.”

Ta tashi ta buɗe kabad, ta fito da furojet huɗu ta jera a gabana. Na sama nawa ne. Sauran ukun na wasu ne da suka zo bayana, kowanne da ɗan tsinken takarda a cikinsa.

Ta ce, “Da yarinyar ta tahi, na zauna na duba waɗanda anka rubuta kan wake bayan naka. Buɗe ka gani.”

Na buɗe ɗaya bayan ɗaya. Jimlata ce a cikin kowanne, an ɗan juya kalmomi, amma sunan littafin yana nan, shafi na tamanin da huɗu yana nan. Mutum uku da ban sani ba sun ɗauki ƙaryata sun sa hannu a ƙarƙashinta. Na ƙarshen bai fi shekara biyar da kammalawa ba.

Na tambaye ta ko abin zai taɓa takardar shaidata. Ta ce wannan ba ofishinta ba ne, kuma ba ta ganin akwai wanda zai tayar da zama a kan jimla guda bayan wannan tsawon lokaci. Za ta dai sanar da shugabanta, domin duk abin da za a liƙa a cikin furojet sai da saninsa.

Sannan ta ce, “Ni ba takardarka ta dame ni ba. Wagga yarinya ta yi aikinta daidai, ta bi duk abin da munka koya mata, amma ta koma gida tana ganin ita ta ɓata. Kwana nawa ke nan?”

Na ce biyar.

“To.” Ta koma ta zauna. Can ta ce, “Maganar tokar, gaskiya ce ko ita ma ƙagawa ka yi?”

“Gaskiya ce. Har yau haka mahaifiyata take yi.”

“Tana raye?”

“Tana Kanya.”

“Mi ya hana ka rubuta sunanta?”

Na ce ban san ana yi ba. Ta jawo wani furojet daga wani sashe ta buɗe mini ƙarshensa. A ƙasan littattafai akwai wani jeri dabam na mutanen da aka yi hira da su: sunan mutum, kimanin shekarunsa, sana'arsa, garin da aka yi hirar, da ranar. Akwai maƙera a ciki, akwai ungozoma, akwai wani makiyayi daga wajen Dirin Daji. Ta ce wannan madogara ce kamar kowace, abin da ake nema shi ne wanda ya zo daga baya ya san inda maganar ta fito, ya auna ta da kansa. Ban taɓa ganin irin wannan jeri ba sai ranar, ga ni kuwa shekara da shekaru ina koya wa yara rubuta manazarta.

Da na koma makaranta na shiga wajen Malam Garba na gaya masa komai. A ƙa'idar shirin, mako na shida kowane ɗalibi zai tsaya a gaban 'yan uwansa ya faɗi abin da ya gano, don haka dole ya sani. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge.

Ya ce, “Malam Ishaya, shawarata ita ce ka ba yarinyar makinta cikakke, ka ce ba sai ta tsaya ba. Waɗannan yaran idan suka samu abin riƙe malami, ba sa sakewa. Kuma ba kai kaɗai za su raina ba.”

Na ce idan ba ta tsaya ba, sauran za su tambayi dalili, kuma ƙawarta ta ga bangon.

Ya ce, “Ajinka ne. Na dai faɗa maka.”

Ranar Talata na aika a kira Rahila. Na buɗe durowa na ba ta fom ɗin da biro, na ce ta sa alama a gida na uku. Ta dubi fom ɗin ba ta karɓi biron ba. Na gaya mata cewa maganar ba ta cikin littafin, ba ta taɓa kasancewa a ciki ba, ni na ƙaga shafin. Na gaya mata daga inda na ji ta da dalilin da ya sa na ɓoye.

Abin da ta fara faɗa shi ne, “Malam, idan Baba ya ji na kunyata malamina a gaban mutane, zai yi faɗa ƙwarai.”

Na ce, “Ba ke kika kunyata ni ba. Ki karanta abin da kika gani kawai. Idan kin gama zan miƙe in yi nawa bayanin. Babanki kuma zan rubuta masa takarda ki kai masa yau.”

“Ba za a iya cewa ba a samu littafin ba?”

“An same shi. Ke kika same shi.”

Ta karɓi biron ta sa alamar, ƙarama, a kusurwar gidan. Na rubuta wa mahaifinta layi biyar. Amsa ba ta zo a rubuce ba. Rahila ta ce ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ce ta yi abin da malami ya ce.

Ranar Asabar na tafi Kanya da littafin rubutu. Na samu mahaifiyata a tsakar gida tana sussukar wake, don lokacin an fara cire na farko. Na ce mata na zo in yi mata tambayoyi a kan tukunyar wake, zan rubuta amsar da sunanta a ajiye a kwaleji. Da yarenmu muka yi maganar. Ta yi dariya ta ce tun ina yawo ba wando nake cin waken tukunyar nan, sai da na yi furfura na ga damar tambaya.

Na karanta mata abin da na rubuta a da, ina fassarawa. Ta dakatar da ni. Ta ce na bar babban abin. Kafin a yi maganar toka, sai wake ya sha rana har idan ka sa ƙwaya a haƙori ta fashe da ƙara. Idan da sauran danshi, ko tokar me aka zuba ruɓewa zai yi. Tokar kuma sai ta kwana ta huce sarai. Batun cewa ta karan dawa ta fi ta itace, ta ce ita ba ta taɓa gwada su gefe da gefe ba, ta kara take amfani da ita saboda ita ce a wadace bayan girbi, kuma ta fi laushi. Wato ko a bakin mai maganar ban ɗauko ta daidai ba. Na ƙara mata ƙarfin da ba ta ba ta ba.

Da na zo rubuta sunanta sai ta ce in dakata. Ta ce ba ita ta fara ba, a wajen uwar mijinta, kakata ke nan, ta koya a shekarar da aka kawo ta gidan. Idan za a ajiye takarda, a sa sunan tsohuwar ma. Na rubuta duka biyun.

Mako na shida muka taru a ƙaramin ɗakin karatu na kwaleji. Hajiya Balki tana zaune a gefe da jerin sunaye, tana kira ɗaya bayan ɗaya, kowa minti uku. Rahila ce ta sha ɗaya. Ta miƙe da takardarta, ta karanta ba ta ɗaga kai ba: sunan furojet, sunan marubuci, jimlar, littafin, shafin, abin da ta gani a shafin. Ta rufe da cewa ba ta samu ba. Ta zauna.

Wasu suna kallona, wasu suna kallon ƙasa. Na miƙe na ce abin da Rahila ta karanta daidai ne. Na faɗi yadda aka yi a taƙaice, na karanta musu abin da mahaifiyata ta gaya mini da gyaran da ta yi, na nuna musu yadda ake rubuta hira a cikin manazarta. Na kuma gaya musu mutum uku sun kwafi kuskuren daga baya.

Wani ɗalibi mai suna Nasiru, wanda ba ya barin magana ta wuce shi, ya ɗaga hannu.

“Malam, a lokacin ba a kama ka ba?”

Na ce ba a kama ni ba.

“Ashe ana iya tsira.”

Aka yi 'yar dariya. Na ce, “Ana iyawa. Ni na tsira fiye da shekara ashirin, sannan ɗalibata ta karanta shi a gabanku.” Hajiya Balki ta duba jerinta ta kira na sha biyu.

Malam Garba bai yi ƙarya ba. Har ƙarshen wannan shekara, idan na ratsa ta bayan ajin ƙarshe nakan ji wani ya ce tamanin da huɗu ƙasa-ƙasa, sauran su ƙunshe dariya. Wani abokin aikinmu ya daina zama kusa da ni a ɗakin malamai na ɗan lokaci, ya ce na zubar da girman malamai a gaban yara. Ban yi musu da shi ba, don ta wani ɓangaren yana da hujja.

Amma akwai abin da ya biyo baya da ban zata ba. A cikin makon da Rahila ta tsaya, ɗalibai huɗu suka same ni a laburare ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman a ba shi fom ɗinsa. Duka huɗun sun sa alama a gida na farko, na samu daidai. Biyu ba su samu littafin ba sam, suka ji kunyar faɗa. Ɗaya ya samu littafin, bai ga maganar ba, ya ɗauka Turancin ne ya fi ƙarfinsa. Ta huɗun ta ce ta ga marubucin ya sauya ma'ana, amma ta ga ai shi ɗan kwaleji ne, ita wace ce. Na roƙi Hajiya ta ƙara mana Laraba guda, ta amince, suka sake aikin.

Shugaban laburaren ya yarda a liƙa takardar gyara. Ba a goge komai a furojet, ko harafi, domin yadda aka miƙa shi haka yake zama. An dai liƙa rabin shafi a cikin bango, ɗauke da bayanin cewa madogarar da ke sakin layi kaza ba daidai ba ce, ga ta gaskiya, ga gyaran da mai maganar ta yi. Na sa hannu, Hajiya ta buga hatimi. A sauran ukun aka liƙa gajeren bayani mai nuni zuwa nawa. Rahila ta kammala a wannan shekarar, ta samu gurbi a wata makaranta a wajen jihar. Ban san yadda karatunta ya kaya ba dalla-dalla. Idan ta zo hutu muka haɗu a kasuwa takan gaishe ni da ladabi, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Abin da na ɗauka daga wannan a kan aikinmu ba shi da yawa. Katalog da lambar kanta da tsarin manazarta, yaro mai matsakaicin kai zai koye su a mako uku. Abin da yake da wuya shi ne wannan: yaranmu an rene su a kan girmama na gaba, kuma ba na fatan su rabu da hakan. Amma saboda shi, duk ranar da idonsu ya ga abu guda, babba kuma ya rubuta wani, kansu suke tuhuma. A babbar makaranta ba wanda zai zauna ya gyara musu wannan. Sai a nan, kuma ba ya gyaruwa da jawabi a baranda. Sai wani babba da suka sani ya tsaya ya ce, ke ce daidai, ni ne na yi kuskure.

Mutanen laburare kuwa, na zauna da su na gane halinsu. Ba su da sha'awar tona asirin kowa, kuma ba za su rufa maka ba. Suna ajiye abin da ka rubuta yadda ka rubuta shi, su share masa ƙura, su miƙa wa duk wanda ya nema.

Saboda haka idan kuka kai yara ɗakin furojet, ku bar su su ɗauki na kowa, kada ku zaɓa musu. Uku daga cikinku a wannan kwalejin kuka yi karatu, kuma naku suna kanta ta biyu daga sama, daidai idon yaro. Idan akwai abin da kuke so ku duba, ana buɗe ɗakin tun ƙarfe takwas.